Gafakar Malam

Ran da na komo hutu daga Yamai, bayan isha'i muna zaune bisa tabarma ƙofar gidanmu a Safo, Baba ya tambaye ni abin da nike karantawa. Na ce waƙoƙin wani mutumin Ingila ne, John Donne, wanda sunansa ke fita a bakinsu kamar "Dan".

"Ɗan wa?" in ji Baba.

Na ce sunan ke nan, kuma ya mutu tun 1631.

Baba ya jinjina kai, ya ɓare goro. "To madalla. Dame ashirin na hatsi na hidda bana don ka tahi ka koyo waƙar mamacin da ko gaisuwar mutuwatai ba mu tahi ba."

Kowa ya yi dariya, har ni. Amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba, don na san dame ashirin ba wasa ba ne a gidanmu, balle shekarar da Gulbi ya ci rabin gonar fadama.

A sashen Ingilishi na Jami'ar Abdu Mumuni na fara gamuwa da Donne. Gaskiya da farko ban so shi ba. Ingilishinsa tsoho ne, kwatancensa kuma sai an yi gumi. A wata waƙa ya kwatanta masoya biyu da ƙafafun kompa, irin wanda muke zana da'ira da shi a koleji. Abin da ya kama ni ya zo daga baya, ran da malaminmu ya raba mana takardu biyu na waƙa guda, ya ce mu nemo inda suka saɓa. Muka samu wuri biyar. Wani ya ce ai kuskuren mai buga na'ura ne. Malam ya ce a'a, kuskuren ya girmi kakanninmu.

Ashe Donne bai buga mafi yawan waƙoƙinsa ba yana raye. Rubutawa yake ya ba aboki, aboki ya kwafa ya ba wani, haka suka yi ta yawo hannu zuwa hannu. Sai a 1633, shekara biyu bayan rasuwarsa, aka tattara su littafi. Cikin dukan waƙoƙinsa na Ingilishi, guda ɗaya tak aka samu da rubutun hannunsa, ita ma sai a 1970 aka gano ta, tana aje yanzu a laburaren Bodleian na Oksifod. Saura duka hannun wasu ne. Shi ya sa masana, tun daga Herbert Grierson da ya fitar da nasa bugun a 1912, suke jera kwafe-kwafen suna auna su kalma da kalma. Dabarar kuwa mai sauƙin faɗi ce: in kwafi biyu suka yi kuskure iri guda a wuri guda, to uwarsu ɗaya. Da haka ake bin dangantakar takardu kamar yadda tsofaffi ke bin ta mutane.

Na dubi takardar hannuna, fotokofin fotokofi ce, dala biyar shafi, layin ƙarshe ya yanke, wani ɗalibi da ban sani ba ya cike shi da bik. Na ce ashe mu ma cikin jerin masu kwafar muke.

Kwana uku bayan maganar Baba, Inna ta aike ni ɗakin da ke bayan rumbu in ɗauko mata ƙwarya. Nan na ga gafakar kakanmu, wanda duk gari ke ce ma Malam. Ya yi almajirci a Katsina, ya rasu ina ɗan aji uku. Tun lokacin ba wanda ya buɗe ta, don girmamawa. Girmamawar nan ce ta kusa kashe ta: rufin ɗakin na yoyo, gara ta shiga. Na zazzage bisa tabarma, na ware na Larabci gefe. Cikin saura na tarar da wata waƙar wa'azi ta Hausa da ajami, kwafi biyu, ɗaya hannun Malam, ɗaya hannun da ban sani ba. Ta Malam ta fi tsawo da baiti uku, amma gara ta cinye tsakiyar shafi na biyu.

Zuciyata ta buga. Ga aikin da aka koya mini ya zo har gida. Sai dai da na fara karantawa, kunya ta rufe ni. Ni da ke warware Ingilishin shekara ɗari huɗu, ga ni ina tuntuɓe da Hausar kakana kamar yaron da ya fara babbaƙu. Tun da na shiga lakwal na aje allo. A hannun Malam kuma "ba" da "ɓa" harafi guda ne, sai mai karatu ya gane da kansa.

Ina cikin haɗa baƙi da ƙarfi, na karanta wata kalma "raba". Sai na ji muryar Kaka daga bakin ɗakinta, inda take ɓarar gujiya.

"Kai, mijin ga nawa, wane irin karatu ne wanga? Raɓa aka ce. Duniya aka kwatanta da raɓa, da hantsi ya yi ka neme ta ka rasa. Mi za a raba nan?"

Na ce, "Kaka, kin san ta?"

"Shekara arba'in yana rera ta bayan asuba, ina daka. Ko turmin ya san ta."

Kaka ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami. Amma da ta fara rerawa, ta bi ta daki-daki har wurin da gara ta ci, ta wuce bisa ramin kamar ba shi nan. Na ɗauko kaye ina rubutawa hannuna na rawa. A wuri biyu ta saɓa ma Malam, ta bi ɗaya kwafin. Na tambaye ta, ta ce haka ya fara rera ta suna sabon aure, daga baya ya gyara. Ke nan baƙon kwafin ne tsoho, baiti ukun nan kuwa mai yiwuwa ƙarin Malam ne da kansa. Grierson da zai sami mai ba shi shaida irin wannan, da ya yi rawa.

Daga baya na lura da wani abu da ya ƙara sosa ni. Shekarar 1667 na hardace ta don jarrabawa: shekarar da John Milton, makaho yana faɗa ana rubuta masa, ya fitar da Paradise Lost. Ban san cewa a shekarar nan ce Ɗan Masani ya rasu a Katsina ba, malamin da ya yi sharhin Ishiriniyar da muke ji kowane Mauludi. Shi da Ɗan Marina zamaninsu guda da mawaƙan da nike karantawa, kuma Katsinar tasu ita ce tushen sarautar Maraɗi. Nisan Landan da Safo ina, nisan Katsina da Safo ina? Amma ta Landan na biyo na iso.

Ba na jin haushin Donne. Shi ne ya koya mini cewa takarda mai ɓaci ba shara ba ce, kuma saɓanin kalma guda na iya ɗauke da tarihin mutum. Haushin kaina nike ji, da na bari sai da gara ta riga ni.

Na ɗauki hoton kowane shafi da salula, na naɗi muryar Kaka sau biyu. In na koma Yamai zan kai hotunan sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, inda ake aje dubban takardu irin waɗannan tun tarin da Bubu Hama ya fara, in nemi wanda zai karanta mini abin da ya gagare ni. Gafakar kuma ta bar ɗakin yoyo, tana cikin akwatin ƙarfe ɗakin Baba.

Daren da zan tafi na karanta masa waƙar duka, daga kayena. Bai ce komi ba sai da na kai ƙarshe. Ya share ido da bakin riga, ya ce, "Shi Ɗan wanen naka, shi ya koya maka wanga?"

Na ce e, kusan haka.

"To, ka gaishe shi."

Ƴan'uwa ɗalibai, wanda duk zai tafi gida hutun nan, ya leƙa bayan rumbu, ya tambayi tsofaffi tun suna nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.