Tafinta Tsakanin Injuna Biyu

Ranar da na fara aiki a wata masana'antar buhuna da ke Sharaɗa a Kano, na tarar layin yanka ya kwana huɗu a tsaye. Wutar lantarki ce ta dawo da ƙarfi ana tsakar sauyawa daga janareto, ta ƙone akwatin da ke tuƙa injin sarbo. Wannan inji shi ke jan saƙar buhu daidai tsawon da aka umarce shi, ya tsaya cak, wuƙa ta sauko. A bayansa akwai ma'auni mai suna enkoda, wanda ke ƙirga kowane ɗan taku na juyawarsa yana kai wa akwatin rahoto, shi ya sa ba ya zarce iyaka. Samo irin akwatin da ya ƙone daga Turai zai ci makonni da daloli, sai aka sayo wani ƙirar Sin. Aikina shi ne in sa baƙon ya ji maganar tsohuwar na'urar da ke sarrafa layin, wadda ake kira PLC.

Na karɓi aikin da gadarar wanda takardar digirinsa ba ta shekara ba. A jami'a mun fi yabon sababbin hanyoyin sadarwa irin EtherCAT, wadda kamfanin Beckhoff na Jamus ya fitar a 2003, mai iya daidaita injuna da dama cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A nan kuwa wayoyi biyu ne murɗaɗɗu, da ƙa'idar Modbus ta kamfanin Modicon, wadda ta fito tun 1979. Na raina ta. Na daidaita lambar adireshi, na sa saurin saƙo a 19,200 a ɓangarorin biyu, na maƙala ɗan abin tare wuta mai om 120 a ƙarshen waya. Koriyar fitila ta kama. Na aika umarni: taku 100,000 gaba.

Injin ya yi gurnani ya juya da baya. Ya shiga naɗe saƙar da ƙarfi har ta cukurkuɗe, kafin tsohon makanikin layin, wanda kowa ke ce wa Baba, ya doki jan maɓalli.

Ba ƙarar ce ta dame ni ba. A can gefe matan da ke ɗinke gindin buhu suna zaune kan benci, kuma da yawan buhun da suka ɗinka ake biyan su. Da za su tashi, ɗaya daga cikinsu, sa'ar mahaifiyata, ta tsaya kusa da ni.

"Ɗana, gobe mu zo ko mu huta da kuɗin mota?"

Na rasa amsa. Baba ne ya ce su zo, sannan ya dube ni.

"Injiniya, ka faɗa mini abin da ka aika masa. Shi ka tambaye shi abin da ya ji?"

"Baba, ku gafarce ni, ban duba ba."

Bayan sallar isha'i na koma, na buɗe ɗan allon akwatin. Lambar da ya karɓa ita ce 2,036,334,591 ƙasa da sifiri. Na fi awa ina kallonta kafin in gane. Kowane gurbin ajiya a Modbus ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 65,535, don haka babbar lamba sai an raba ta gida biyu. Ƙa'idar kuma ba ta yanke wane rabi ne zai riga shiga ba, kowane kamfani da tasa al'adar. Na'urar sarrafawa ta aika babban rabi da farko, akwatin kuwa ƙaramin yake tsammani. Sai na tuna darasin ƙirga a Islamiyya, inda muka sha ruɗewa domin Bahaushe ashirin yake fara ambata kafin biyar, Balarabe kuwa biyar ɗin yake gabatarwa. Babu na'urar da ta yi kuskure a cikinsu. Ni da aka ɗora wa tafintanci ne ban saurari ɓangare ɗaya ba.

Gyaran bai wuce sauya lamba guda a jerin saitin akwatin ba. Wannan karon na cire saƙar, na rage gudu, na gwada injin shi kaɗai sau da yawa kafin in yarda da shi.

Da safe buhun farko ya faɗo. Baba ya ɗauka, ya shimfiɗa tef a kai, ya auna na biyu da na goma bai ce uffan ba. Daga nan ya yago takarda daga littafinsa ya miƙo mini da biro, ya ce in rubuta lambar da na sauya da dalilin sauya ta, da Hausa, in manna a cikin murfin akwatin. Ina cikin rubutun na ji keken ɗinki na farko ya tashi a bayana.