Kafin ka tura ragowar kashi 70

Duk kayan da suka lalace da wuri a hannun mai saye, hukuncinsu ɗaya ne a bakin jama'a: "Ai ɗan Chaina ne." Ni dai wannan magana ba ta taɓa gamsar da ni ba. Ƙasar da ake haɗa iPhone a cikinta, ita ce dai take yin cajar da ke ƙonewa cikin mako guda. Masana'anta abin da ka biya kuɗinsa take yi maka, sannan tana lura da abin da za ka duba da wanda ba za ka duba ba.

Duk wanda ke tashi daga Kantin Kwari ko Sabon Gari zuwa Guangzhou ko Yiwu ya san yadda cinikin yake. A nuna maka samfur mai kyau, ko a shago ko a baje kolin Canton da ake yi tun 1957, sau biyu a shekara. Ku daidaita, ka ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30, ka hau jirgi ka dawo gida. Ragowar kashi 70 sai an gama aiki, kafin a loda kwantena. To duk ƙarfin mai saye yana cikin ragowar nan ne. Ranar da ya tura ta, ya koma mai roƙo. Amma sai ka ga Alhaji ya tura miliyoyi saboda an aiko masa hoton katan-katan a jere, a rufe, ta WeChat.

Me ke cikin katan ɗin? A ce wayar wuta ka saro. Kankare bakinta da wuƙa. In jan ƙarfe ne zalla, ja za ka gani har ciki. In fari ya leƙo, alminiyam ne aka yi wa shafe. Ɗora naɗi guda a sikeli, domin alminiyam bai kai jan ƙarfe nauyi ba. Sannan a warware shi a auna, a ga ko mita 100 ɗin da aka buga a jiki ta cika. Wannan wayar fa cikin bangon gidan wani za a binne ta, da iyalinsa a ciki. In atamfa ce, a auna turmi ko ya cika yadi shida, a goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle a ga ko yana zuba.

Akwai masu wannan aiki a matsayin sana'a, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek, da ƙananan kamfanoni barjat. Ba duka kayan suke buɗewa ba. A ƙa'idar da aka fi bi, in guda 5,000 ne, za a zaro 200, in masu babban aibi suka haura 10, kayan sun faɗi. Sharaɗin shi ne mai duba ya zaɓi katan da hannunsa, har daga can ƙuryar sito, ba wanda manaja ya ajiye masa a bakin ƙofa ba. Sai dai shi ma ba zai kayar da kaya a kan "kamar wanda na gani" ba. Dole a ba shi rubutu: kauri kaza, nauyi kaza, launi kaza, da samfurin da ku biyun kuka sa wa hannu. Nan ne muke da rauni, mun saba da cinikin baki da amana.

Wani zai ce ai yana da yaro a can. Madalla, amma a tambaya wa ke biyansa. Dillalin da ke karɓar la'ada daga masana'anta, in ka ce ya duba maka kayanta, ka ba kura ajiyar nama. Wani kuma ya dogara da takardar SONCAP, wadda hukumar SON ta fara nema tun 2005. Takarda ce mai amfani, ba a fitar da irin waɗannan kaya daga Apapa ko Onne sai da ita, amma ba ita za ta ƙirga maka ko kowane katan ya cika ba.

Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya, akwai waɗanda da bakinsu suke cewa a rage kauri a bar rubutun kwali yadda yake. Waɗannan ba mai duba suke buƙata ba, tsoron Allah ne ya yi musu ƙaranci.

Ga masu odar ƙarshen shekara, a ƙara sa ido. Gab da hutun sabuwar shekarar Sin, a Janairu ko Fabrairu, masana'antu na gaggawar sallamar kowa, wasu har su miƙa aikinka ga wata ƙaramar masana'anta ba da saninka ba. Kwantena kuwa ta fi wata guda a kan ruwa. In ta iso Kano ka buɗe ka ga ba haka ba, kuɗin mayar da ita kaɗai ya isa ya cinye ribar, kuma abin da za ka samu daga can bai wuce alƙawarin ragi a oda ta gaba ba.