Baffa, Nauyinku Nawa Ne?

A garinmu Fassi, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, ba a tambayar babban mutum nauyinsa. Buhun masara ake ɗorawa a sikeli, ko ƙullin auduga, amma magidanci in ya yi jiki sai dai a ce masa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Ni kuwa tun da na haura shekara arba'in jiki ya zo mini, tumbi ya fito, wuya ya yi gwiɓi, kuma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin aibi ba. Iyakar wahalar da na sani ita ce ta tasha. In zan shiga Kano daga Rano, ɗan kamasho yakan dube ni ya dubi kujera, ya ce cikin wasa, "Baba, kuɗin mutum biyu fa." In ina da hali in biya, in ba ni da shi a matsa a zauna haka nan, mota ta durƙusa ta baya ta tashi da bismilla.

Wanda ya fara yi mini wannan tambaya da gaske, ba da wasa ba, ɗan ƙanena ne, a watan Oktoba na shekarar 2019.

Yaron nan ɗan fari ne a wurin ƙanena, saboda haka uban ba ya kama sunansa, ba ya kuma nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ni ne uban da ake gani. Ni na kai shi makarantar kwana, ni ake kawo wa ƙararsa. Amma lokacin da ya sami gurbi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ba ni na sayar da komai ba. Ƙanena ne ya sayar da rabonsa na gonar gado da shanun nomansa guda biyu, 'yan'uwa suka cika abin da ya sawwaƙa, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba har yau. Da yaro ya gama, ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai jirage ƙanana, sai ya nemi alfarmar awa ɗaya da 'yan mintoci don ya ɗaga iyayensa biyu su ga Fassi daga sama. Ni ya kira a waya, domin ni zai iya gaya wa kai tsaye.

Bayan mun gaisa ya yi ta kewaye-kewaye, har na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa. Sai ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri, aiki ne ya sa. Nauyinku nawa ne?"

Na ce kilo 105.

To, mai karatu, wannan magana ta taɓa zama gaskiya, kimanin shekara takwas kafin ranar. Amma watanni biyu kacal kafin wayar na hau sikelin wani mai sayen hatsi don nishaɗi, allura ta tsaya a kan 128, yara suka yi dariya, na ce sikelin ne ya lalace. Na san bai lalace ba. Abin da ya sa na rage kilo 23 a waya, ni kaina ban gama gane shi ba. Wataƙila kunyar ɗa ce, wataƙila tsoron kada a ce jirgin ba zai ɗauke ni ba. Na kuma raya a zuciyata cewa abin da ke ɗaga ƙarfe sama, ina ruwansa da ɗan tumbin wani tsoho daga Kibiya? Na je aikin hajji, na ga an auna jakunkunanmu ɗaya bayan ɗaya, ban ga an ɗora alhaji ko ɗaya a sikeli ba.

Ranar tafiya muka isa filin jirgin Kano da sassafe, ni da babbar riga ta shadda, ƙanena da 'yar shararsa, yana tafe a bayana kamar wanda aka roƙa ya yi rakiya. Da na ga jirgin sai gabana ya faɗi. Ƙirar Cessna 172 ne, mai farfela ɗaya a hanci da kujeru huɗu, fukafukansa a saman rufi, wanda mutum biyu za su iya turawa da hannu. Yaron ya durƙusa ya gaishe mu, ya miƙe, ya dube ni daga sama har ƙasa, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya daɗe bai gan ni ba. Bai ce komai ba, ya shiga ofis ya fito da ɗan sikeli irin na asibiti ya ajiye a inuwar fiffike, ya fara hawa da kansa: 72. Uban ya hau: 65. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ƙa'ida ce."

Allura ba ta ji kunyata ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin lissafi mafi ɗaci da na taɓa zama a cikinsa, kuma ɗan da na goya ne malamin. Ya ɗauko takarda ya rubuta mini a kan ƙofar jirgin, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada ma'aikata su ji. Wannan jirgi, in ji shi, ba a yarda ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 1,157 ba, shi da duk abin da ke cikinsa. Jirgin kansa, ba mai ba mutum, ya cinye wajen kilo 765. Abin da ya rage kimanin 390 ne, kuma a ciki mai zai ci rabonsa. Tankunan da ke cikin fukafukai suna ɗaukar lita 200, wato kilo 144. Saura 246 na mutane da kayansu. Da kilo 105 ɗin da na faɗa, mu uku mun kama 242, lissafi ya fita da ƙyar, shi ya sa tun jiya ya sa aka cika tanki. Da nauyina na gaskiya kuwa mun kai 265. Mun haura da kusan kilo 20.

Na ce, "Haba ɗana, kilo 20 me? Ai bai kai rabin buhun siminti ba." Ya ce motar Rano in an yi mata lodi ta gaji, gefen titi take tsayawa a sauke wasu. Jirgi mai nauyi kuwa yakan ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ya hau sama a hankali, kuma in iska ta yi zafi abin ya ƙara muni, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji duka ba sa samun abin riƙewa sosai. Ya ce mai yiwuwa ne mu tashi lafiya mu dawo lafiya, an sha yi. Sai dai shi ba zai sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce ba, ga mahaifinsa a ciki.

Daga baya, da muka zauna a gida, ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai game da jirgin alhazai. Babban jirgi yana ɗaukar ɗaruruwan mutane, sai a yi musu kuɗin goro, a ɗauka kowa nauyinsa kaza ne, ramammen ya rufa wa mai ƙiba asiri. Idan fasinjoji suka yi kaɗan wannan ƙiyasi yakan ci amana. Ya ba ni labarin wani jirgi mai kujerun fasinja 19 da ya faɗi a birnin Charlotte na Amurka a watan Janairun 2003, jim kaɗan da tashinsa, mutum 21 suka rasu. Bincike ya nuna an yi kuskure wajen gyaran wayoyin da ke sarrafa jelarsa, sannan kuma jirgin ya yi nauyi fiye da kima, nauyin ya rinjaya baya, saboda ƙiyasin da ake amfani da shi ya tsufa, mutane sun ƙara jiki ba a sake lissafi ba. Bayan wannan hatsari hukumar jiragen sama ta ƙasar ta ɗaga ƙiyasin. Ya ce akwai ma jirgin koyo mai kujera biyu, Cessna 152, wanda in an cika masa mai abin da ya rage wa mutum biyu bai kai kilo 200 ba. Da a ce ni ne ɗalibi a cikinsa, sai an nemo mini malami siriri kamar ƙanena, ko a rage mai.

Rage mai ɗin shi ne maganin matsalarmu a ranar, da na faɗi gaskiya a waya. Da lita 160 aka zuba, da mu uku mun tashi hankali kwance, domin jirgin bai fi shan lita 35 zuwa 40 a awa ba. Amma man da ya riga ya shiga tanki ba a tsiyaye shi kamar ruwan randa. Sai injiniya ya zo da kayan aikinsa, shi kuwa ba zai iso ba sai bayan azahar, lokacin da aka ba yaron ya wuce. Dole mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa.

Kafin in buɗe baki ƙanena ya riga ni. Ya ce, "Yaya, ku hau. Ni dama rakiya na yi, kuma kaina yana juyawa ko a kan tsani." Ƙarya yake yi, mutumin da ke hawa rimi yana saurayi. Na yi musu, ya yi musu, yaro yana tsaye tsakaninmu yana duban agogo, ba shi da bakin da zai ce wa Baffansa ya sauka, ba shi kuma da bakin da zai ce ubansa yake so. Ina so in rubuta a nan cewa na dage har na yi nasara. Mu marubuta mun iya wannan gyara, jarumin littafinmu kullum yakan yi abin da ya dace a shafin da ya dace. Ni dai ban dage ba. Ina son in hau, kuma na hau.

Shiga ma aiki ne. Sai da na tuɓe babbar riga na naɗe, domin faɗin cikin jirgin bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, kafaɗata tana gogar ta yaron, ɗaya tana danne da ƙofa. Bel ya kewaye ni da ƙyar. Akwai sitiyari a gabana irin wanda ke gabansa, suna motsi tare, sai ya jawo nasa baya har ƙarshe don ya ga ko nawa zai tokari tumbina. Ya tokara. Ya sa na tura kujera baya, ya sake gwadawa, ya wuce. Ya ce da bai wuce ba, ko lissafin nauyi ya fita ba za mu tashi ba, domin da wannan jan ake ɗaga hancin jirgi wajen tashi da wajen sauka. Sannan ya karɓi rigar da jakarsa ya kai can baya. Wannan kam ban buƙaci bayani ba. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san ba yawan kaya kaɗai ake dubawa ba, har da inda suka zauna.

Muka tashi muka yi kudu. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, hazo bai sauko ba, ƙasa kore shar. Na ga magudanan ruwan Kadawa sun miƙe kamar an ja su da zare, na ga ruwan Tiga yana ƙyalli, dam ɗin da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ya cika ya batse. Duwatsun Rano da muke ɗaga kai mu kalla suka koma kamar tulin ƙasar gini. Cikin abin da bai kai rabin awa ba yaron ya karkata fiffike ya nuna da yatsa, ya ce ta cikin abin jin magana da ke kunnena, "Baffa, ga gida." Fassi ke nan, ɗan tafin hannu na rufin kwano da soraye a tsakiyar dawa. Na gane masallacin Juma'a, na gane hanyar da ke fita gabas, na bi ta da ido har gonar mahaifinmu. Daga sama iyakar da ta raba rabona da wanda aka sayar a fili take, domin sabon mai gonar masara ya shuka. Yaron ya kewaya wurin sau biyu ba tare da na roƙe shi ba, bai kuma ce komai ba. Na waiwaya kujerar baya, rigata ce kawai a naɗe a kai.

Da muka sauka saura minti goma sha biyar a lokacinsa. Ya ce wa uban, ba tare da ya dube shi ba, akwai damar kewaye ɗaya. Wannan karo ban jira musu ba, na fita na tsaya a inuwa. Suka tashi su biyu, suka zaga ta kan Dala da Goron Dutse suka dawo. Ƙanena ya sauko yana gyara hula, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce wa yaron, "Allah ya yi albarka," ya wuce gaba.

A motar komawa mun wuce Bunkure babu wanda ya yi magana. Kwandasta ya karɓi kuɗin mutum biyu a hannuna, ban ja ba. Sai da duwatsun Rano suka bayyana sannan ƙanena ya matso kusa da kunnena, yana duban taga, ya ce, "Yaya, tsamiyar nan ta bakin gona, ana ganinta daga can?"

Na ce ana ganinta.