Jingar da Ke Cikin Zuciya

Ranar da na sauka Kambirij, kogin Cam ne ya fara ba ni dariya. Ɗan siriri da shi, ga samari suna tura kwalekwale da gora, sak masuntan Haɗeja, sai dai ba koma ba kifi. Kekuna kuwa, ko ranar kasuwar Kafin Hausa ban taɓa ganin masu yawansu ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatu can ya kai ni cibiyar binciken mitokondiriya, daura da asibitin Addenbrooke's. Sau uku yana maimaita sunan, harshena ya ƙi. Ya nuna mini hoto a kwamfuta: 'yan jakunkuna masu ninki kamar tumbin rago. Wai kusan sulusin tsokar zuciya su ne, su ke ba ta ƙarfin bugawa sau 100,000 kullum.

Kaina ya ɗaure, sai ya ce, "Kawu, ai ka san madatsar ruwa." Ashe fatar cikin jakar jinga ce. Ana tara sinadari a bayanta, ya kwararo ta ƙofa ɗaya, ya juya wani ɗan inji. Inji na gaske, mai juyi, a cikin ƙirjina! A garin nan John Walker ya gano siffarsa, ya samu kyautar Nobel a 1997. Na riƙe baki.

Sai zancen magani. In jijiyar zuciya ta toshe likita ya buɗe ta, jinin da ya dawo a guje shi ma ɓarna yake yi: wata kafa ta buɗe a fatar, tarin ya zube, ƙwayar tsokar ta mutu. Nan kam ba sai an fassara mini ba, na ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadamarmu. Maganin cyclosporine yakan hana kafar buɗewa. A 2008, a Lyon ta Faransa, ya nuna alamar nasara kan marasa lafiya 58. Da aka gwada shi kan mutum 970, sakamakon 2015 ya nuna bai rage mutuwa ba.

Yaron ya faɗi haka ko a jikinsa, ya ce ana neman wani. Wallahi wannan ya fi injin burge ni. Mai tallan magani da lasifika a tasharmu bai taɓa cewa nasa ya gaza ba.