Wainar Faransa a tukunyar yashi

Duk mai rumfa a Monday Market ba zai manta da daren 26 ga Fabrairu, 2023 ba. Muna cikin waɗanda wutar ta cinye wa kaya. Yadin da muka shekara muna tarawa, toka muka iske da safe. Ba a yi wata guda ba azumi ya kama, ga iyali, ga bashi, ga aljihu wayam.

A cikin wannan hali 'yarmu ta uku ta durƙusa ta ce, "Baba, a taimaka mini da kiret ɗin ƙwai ɗaya da mudun fulawa, zan gwada sana'a." Muka ce wace iri? Ta ce wani abinci ne wai shi kish, a waya ta koya. Da muka matsa da tambaya, ta faɗi gaskiya: asalinsa daga yankin Loren ne na ƙasar Faransa, kuma can da naman alade suke yinsa. Nan take muka ce a'uzu billahi, ba a gidan nan ba. Mutumin da ke jan salla a masallacin layi, a ji ana toya wannan a gidansa?

Uwargida ce ta dawo da mu hanya. Ta ce, "Malam, kai kake karantar da mu cewa asalin abinci halal ne sai abin da aka haramta. To ƙwai ne haram ko fulawa?" Muka yi shiru, don ta fi mu gaskiya. Washegari da kanmu muka je kasuwar kifi ta Baga Road muka sayo banda, aka sa a gurbin abin da Allah ya hana.

Ga yadda take yi, don masu son gwadawa. Kofi 2 na fulawa, a murza da bota da ɗan gishiri har ya yi kamar tsaki, a yayyafa ruwan sanyi a dunƙule, ban da yawan cuɗawa. A shimfiɗa a faranti mai ɗan zurfi, a tsattsaga ƙasan da cokali mai yatsu, a gasa shi kaɗai kamar minti 10. Sai a soya albasa da attaruhu da alayyahu, a zuba bandar da aka cire wa ƙaya. A kaɗa ƙwai 4 da gwangwanin madara ɗaya, a juye a kai.

Tanda kuwa, ai kun san yadda muke da wutar lantarki a garin nan. Babbar tukunya ta zuba wa yashi, ta ɗora a gawayi, faranti a kan yashin, garwashi a kan murfi. Wajen minti 40, in an soka wuƙa ta fito fes, ya nuna.

Na farko bai yi ba. Ba ta matse ruwan alayyahun ba, ƙasan ya jiƙe ya zama kamar ɗanyen ƙulli. Ta yi kuka, don ta san da kuɗin me aka sayi ƙwan. Muka cinye shi a buɗe-baki muna yabo, ita ma ta san lallashi ne. Na biyu muka aika wa maƙwabta, kamar yadda addini ya hore mu. Kafin goman ƙarshe, matan layi sun fara aiko yara da kuɗi. Ba kunya za mu faɗa: cefanen sallar shekarar nan, mafi yawansa daga tukunyar yashin nan ya fito.

Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina ba su san danderu ba sai da suka zauna da Barebari, yau ga shi ba ma biki sai da shi. Saboda haka, 'yan uwa magidanta na Hausari, idan yaro ya zo da abin da ba mu sani ba, mu tambayi me ke ciki kafin mu ce a'a. Mu mun kusa toshe ƙofar da Allah ya buɗe mana saboda gudun bakin mutane.

Allah ya mayar wa duk wanda ya yi asara da alheri, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.