Fayil ɗin da ba a cika nema ba shi ma yana da rabo

Wayar malamin makaranta ba ta rabuwa da saƙon nan: wuri ya cika. Sai mutum ya shiga share-share, kuma kusan dukanmu abu guda muke sharewa, wato wanda muka daɗe ba mu buɗe ba. Kwamfutoci ma da wannan dabara suke aiki in wurin ajiyarsu ya cika. Ga mutum ɗaya dabara ce mai kyau. Ga jama'a kuwa tana iya zama asara, don in kowa ya share abu guda, ranar da aka bukace shi ba a samun shi ko'ina.

Na ga haka a yankin da nike koyarwa. Rezo ba ya da ƙarfi, saboda haka takardun aiki daga waya zuwa waya muke tura su da Xender ko Bluetooth. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna cikin wayar kowa. Amma wani jagoran koyar da karatu da Hausa, wanda sau ɗaya a shekara ake neman shi, mun yi mako biyu muna cigiyar shi. Kowa ya taɓa samun shi, kowa ya share, yana zaton yana wurin wani.

Masana kwamfuta sun daɗe da wannan tambaya: in na'urori suna da yawa, wurin kowace kaɗan ne, kwafi nawa ya kamata a yi wa kowane fayil? A shekarar 2002, Edith Cohen da Scott Shenker a Amurka sun ba da amsar da ta burge ni, kuma ɗan aji shida zai iya bin lissafinta.

Mu ce akwai wayoyi 120, wurin da ya rage duka bai wuce na kwafi 40 ba. Fayil biyu ne: cikin nema goma, na farko ana neman shi sau tara, na biyu sau ɗaya. Mai nema yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya har ya dace.

In aka raba daidai, 20 da 20, kowane nema zai ci tambaya 6. In aka raba gwargwadon farin jini, 36 da 4, mai neman na farko zai samu da wuri, amma mai neman na biyu sai ya tambayi mutum 30. In ka haɗa lissafin, 6 ɗin nan dai za ka sake samu. Raba daidai da bin farin jini, wahalarsu ɗaya.

Abin da suka gano shi ne a bi lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da yawan neman, wadda muke ce wa rasin kare a aji. Tara da ɗaya sai su koma uku da ɗaya: kwafi 30 da 10. Na farko tambaya 4, na biyu 12, matsakaici 4,8. Wuri bai ƙaru ba, wahala ta ragu.

Darasin da na ɗauka ke nan: abin da ake yawan nema ya cancanci kaso babba, amma ba gwargwadon yawan neman shi ba. Kwafi na 36 ɗin tambayoyin jarrabawa kusan ba ya ƙara komi, alhali kwafi na biyar na jagoran nan yana rage wa wani malamin ƙauye tafiyar yini.

Shi ya sa nike roƙon ƴan uwana malamai, a taron CAPED mai zuwa mu ware minti goma. A rubuta sunayen takardun da ba a cika nema ba, kowace a ɗora ta a wuyan mutum uku daga makarantu dabam-dabam, don in waya ɗaya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, saura biyu. Kafin kuma ka share abu, tambayi kanka: wa ke da shi in ba ni ba?