Ko Waya Za Ta Kori Kayan Gida?

Yara, akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a raina. Ga ta: ko wata rana wayar salula za ta sa mu yar da kayan da muke aiki da su kullum?

Wayar salula irin wadda muke riƙewa yanzu ta shigo Nijeriya cikin shekarar 2001. Kafin nan, in mutumin Bebeji yana so ya gai da ɗan'uwansa a Riruwai, can ƙasar Doguwa, sai ya yi sallahu, ko ya ba direban mota wasiƙa. Ni kaina na sha rubuta wa tsofaffin unguwarmu irin wannan wasiƙa. Yau kuwa lamba kawai zai danna, nan da nan ya ji muryar ɗan'uwansa. Haka kuma agogo ya bar hannun mutane da yawa, kalanda ta ragu a jikin bango. Har rediyo ma, waɗansu ta cikin waya suke saurara.

To, ku duba da kyau. Wasiƙa da agogo da kalanda da rediyo duk aikinsu ɗaya ne, watau su ba mutum labari. Shi kuwa labari ba shi da nauyi, ko iska tana ɗaukarsa. Don haka ne waya ta iya karɓe musu aiki.

Amma akwai kayan da aikin ƙarfi suke yi, kamar su fartanya da lauje da turmi da randa. Manomin Tudun Wada yana iya jin farashin shinkafa ta waya tun bai fita gida ba. Duk da haka sai ya sa lauje ya yanke ta, ya sussuke, ya zuba a buhu, kana ya kai kasuwa. Haka masuntan Tiga, inda aka gama gina madatsar ruwa cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Har yau da kwalekwale da koma suke kamun kifi. Ana iya aika hoton kifin Tiga har Makka cikin ƙiftawar ido, amma hoto ba ya shiga miya.

Kuɗi fa? Da yawa sun zaci takardar kuɗi ta kusa zama tarihi, tun da ana aika kuɗi ta waya. Sai ga shi a farkon 2023, bayan an sake takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin hannu suka yi wuya ƙwarai. Na ga haka da idona a kasuwar Kwanar Dangora, ƙasar Ƙiru. Mutum yana da dubbai cikin waya, amma tsohuwa mai daddawa ba ta da ajiya a banki, balle ya tura mata. Wani ya tura, saƙon ya maƙale a hanya. Har waɗansu suka koma ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ran 3 ga Maris na shekarar nan Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, sa'an nan a hankali mutane suka sami sa'ida.

Ita kanta wayar ai kaya ce. Tana faɗuwa ta fashe, tana shan ruwa ta mutu. In cajinta ya ƙare da dare, sai mai ita ya laluba tocila ko ashana.

Saboda haka, ni a ganina, waya za ta ci gaba da karɓe aikin kayan ba da labari, amma kayan noma da na girki suna nan daram. Ku koyi aiki da waya, gama zamaninku ne. Ku kuma koyi riƙe fartanya da saƙar tabarma, kada ku raina maƙeri ko maginin tukunya. Ranar da yunwa ta zo, abin da ke cikin rumbu shi za a dafa.

Tambayoyi

1. Cikin wace shekara wayar salula ta shigo Nijeriya?
2. Don me waya ta iya karɓe aikin wasiƙa da agogo?
3. Faɗi kaya biyar na gidanku waɗanda waya ba ta iya yin aikinsu.